Kalkulas: Darasin da Ba a Fafe Masa Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona a Rimaye, cikin ƙaramar hukumar Kankia, bayan ruwan Agusta ya ɗauke, ya san halin ruwa. Wanda ya taru a kan tudu ba ya tsayawa shawara. Inda gangare ya fi tsanani nan yake bi, ya yanka kunya, ya kwashe taki, in aka yi sakaci shekara biyu ko uku sai ya bar kwazazzabo a tsakiyar gona. Manomi ya san haka tun yana yaro, shi ya sa mai lura yakan gitta kunyoyinsa a kan gangare don ya karya wa ruwan gudu.

Ɗan manomin nan, idan Allah ya kai shi jami'a ya ɗauki lissafi, ko fiziks, ko injiniyanci, ko kimiyyar kwamfuta, wata rana a aji biyu zai ga malami ya zana wata alwatika a kife a kan allo, ya ce ga abin da ake kira giradiyan. Ɗalibai su yi tsit, alƙalami na ta gudu a kan takarda, fuskoki sun yamutse. Alhali abin da alamar take faɗa shi ne abin da yaron ya baro a gonar gidansu: daga duk inda mutum yake tsaye a kan tudu, akwai ɓangare guda da hawa ya fi tsanani, ruwa kuma kishiyar wannan ɓangaren yake bi.

Wannan darasi shi ne kalkulas na abubuwa masu canzawa da yawa. Ɗaliban Kankia da Kusada sukan haɗu da shi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, wadda aka kafa a 2006, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ko Bayero a Kano, ko Ahmadu Bello a Zariya. Darasin ya yi suna wajen ka da ɗalibai. Amma idan aka bi diddigin faɗuwar, sau da yawa za a tarar ƙwaƙwalwa ba ta gaza ba, tsarin karatun ne bai dace da irin darasin ba.

Abin da darasin ya ƙunsa

A aji ɗaya ɗalibi yana koyon kalkulas mai sauƙi, inda abu ɗaya ya dogara da abu ɗaya: nisan da mota ta yi daga Kankia zuwa Katsina ya dogara da lokacin da ta shafe tana tafiya. Ayyuka biyu ake koyo. Na farko difarenshiyeshan, wato auna saurin canjin abu. Na biyu intagireshan, wato tara ƙananan gutsattsari har su ba da jimla.

Sai dai rayuwa ba ta cika tafiya da ƙafa ɗaya ba. Damman geron da za a ɗaure a gona sun dogara da ruwan sama, da yawan taki, da tazarar shuka, da lokacin da aka yi noman farko. Tambayar da manomi ke yi wa kansa ita ce: in ruwa da komai sun tsaya yadda suke, na ƙara buhun taki ɗaya, dami nawa zan ƙaru da shi? Wannan tambaya ita ce difarenshiyeshan na ɓangare, wanda ake rubutawa da wata “d” mai lanƙwasa. Ana riƙe sauran abubuwa cak, a motsa guda ɗaya, a ga abin da zai faru. Idan aka haɗa amsoshin dukkan ɓangarorin wuri guda, sai a sami giradiyan ɗin da aka ambata a sama.

Daga nan sai neman mafi kyau cikin takura. A ɗauki magini da aka ce ya gina tankin ruwa marar murfi, mai kusurwa huɗu, wanda zai ci ruwa mita kubik 32, wato tsawo sau faɗi sau zurfi. Idan ya yi shi mita 2 tsawo, 2 faɗi, 8 zurfi, filin da zai shafe da siminti, ƙasa da bango huɗu, murabba'in mita 68 ne. Idan kuwa ya yi shi 4 tsawo, 4 faɗi, 2 zurfi, ruwan da zai ci bai ragu ko kofi ɗaya ba, amma shafen ya dawo murabba'in mita 48. Babu wani fasalin irin wannan tanki da zai fi wannan sauƙin siminti, kuma ana tabbatar da haka ta hanyar da Joseph-Louis Lagrange ya fito da ita a ƙarni na 18, wadda har yau take ɗauke da sunansa. Ita ce kuma masana tattalin arziki ke amfani da ita idan suna lissafin yadda za a raba kuɗi ƙayyadadde tsakanin bukatu biyu ko uku.

Sai intagireshan mai ninki biyu da mai ninki uku. Madatsar ruwa ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma ba randa ba ce da za a auna bakinta da zurfinta a gama. Wani wuri zurfin ya kai gaba, wani wuri iya gwiwa, gaɓar kuma a karkace take. Injiniya yakan raba fuskar ruwan zuwa ƙananan murabba'ai, ya ninka faɗin kowane da zurfin da ke ƙarƙashinsa, ya tara. Gwargwadon ƙanƙantar murabba'an, gwargwadon kusantar gaskiya. Wannan tarawar ita ce intagireshan mai ninki biyu. A ƙarshen tafiya akwai intagireshan a kan lanƙwasasshen layi, da ƙa'idojin Green da Stokes da Gauss, waɗanda su ne harshen da ake bayanin wutar lantarki da maganaɗisu da gudun ruwa a bututu.

Inda ake yin tuntuɓe

A tsarin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, mafi yawan waɗannan batutuwa suna cikin kwas ɗin MTH 201, sauran kuma sukan biyo baya a darasin bektoci, wato abubuwa masu girma da alƙibla, na aji uku. Zangon karatu kimanin mako 15 ne na lakca. Makin gwaji da jinga, wanda ɗalibai ke kira si'e, yakan ɗauki kashi 30 ko 40 cikin ɗari gwargwadon jami'a, jarrabawa ta kwashe sauran. Wanda ya faɗi sai ya ɗauko kwas ɗin a ka ya shiga da shi shekara mai zuwa, ga kuma kwasa-kwasan aji uku da aka gina a kansa suna jira.

Tuntuɓen farko tsohon bashi ne. Ɗalibi ya haye kalkulas na aji ɗaya da ƙyar, ko ya haye da kyau amma dogon hutu ya wanke abin. Tambayar intagireshan mai ninki biyu kuwa tambayoyi biyu ne na aji ɗaya aka ɗora ɗaya a kan ɗaya. Wanda hannunsa bai faɗa da na farko ba, zai fahimci sabon bayanin sarai a aji, ya zo tsakiyar aiki ya cije a kan dokar sayin da kosayin da ya manta.

Na biyu ƙin zane. Wannan darasi na ido ne kafin ya zama na alƙalami. Abin da ya fi cin maki a jarrabawa shi ne rubuta iyakokin intagireshan, wato daga ina zuwa ina za a tara. Ɗalibin da ya zana filin da ake magana a kai, ya ja layi ya ga inda ya shiga da inda ya fita, iyakokin da kansu za su bayyana gare shi. Wanda ya tsallake zane sai ya koma cinta.

Na uku haddar doka ba tare da sanin dalilinta ba. Misali sananne shi ne harafin “r” da ake ƙarawa idan ana tarawa a kan da'ira. Ɗalibai da yawa sukan manta da shi, amsa ta lalace. Amma duk wadda ta taɓa saƙa faifai ta san dalilinsa: zagayen da ke kusa da cibiya ɗan kaba kaɗan yake ci, na bakin faifai kuwa ya ninka shi sau da yawa. Gwargwadon nisan zagaye daga tsakiya, gwargwadon tsawonsa, kuma wannan nisan shi ne “r”. Wanda ya ga abin a faifai da wuya ya sake mantawa.

Jinga ita ce gonar

A lakca malami ne ke riƙe da fartanya. Ɗalibi yana kallo, kowane mataki yana bin na gabansa lami lafiya, sai ya fita da jin cewa ya iya. Wannan jin yaudara ne, domin gane aikin wani daban, yin naka daban. Ba a sanin an iya sai an zauna da farar takarda da tambayar da ba a taɓa gani ba. Amfanin jinga ke nan, kuma shi ya sa kwafar ta wani asara ce ninki biyu: an sami maki biyar na yau, an rasa horon da zai kawo sittin na gobe, sannan malami ya ɗauka aji ya gane, ya wuce gaba.

George Pólya, masanin lissafi ɗan ƙasar Hungary, ya fitar da wani ɗan littafi a 1945 kan yadda ake tunkarar tambaya, inda ya kasa aikin gida huɗu: fahimtar abin da ake nema, tsara hanya, bin hanyar, sannan waiwaye. A wannan darasi matakin farko yana nufin zane da rubuta abin da aka bayar. Na ƙarshe kuma, wanda aka fi tsallakewa, yana nufin tambayar kai ko amsar ta yi hankali. Idan an nemi yawan ruwan da tanki zai ci, amsa ta fito ƙasa da sifili, to akwai ɓaraka. Idan an tara ta tsaye an sami 12, a juya a tara ta kwance. In ba a sake samun 12 ba, iyakokin ne suka karkace.

Akwai al'ada mai kyau da ɗalibi zai ɗora wa kansa tun makon farko. Ya fara jinga ranar da aka ba da ita, ko da karanta tambayoyin ne kawai da zana hotunansu, domin ƙwaƙwalwa takan ci gaba da juya abu ko mutum yana kan hanyar masallaci. Idan tambaya ta cije, ya ba ta minti 20 zuwa 30 na gwagwarmaya ta gaske kafin ya leƙa littafi. In ya leƙa, ya duba mataki ɗaya kawai, ya rufe, ya ci gaba da kansa. Washegari ya sake yin tambayar daga farko ba tare da kallon komai ba.

Sannan ya keɓe littafi guda don kurakurai. Duk tambayar da ya faɗi a jinga ko gwaji, ya rubuta ta, ya rubuta inda ya kauce da dalilin kaucewar: manta alamar ragi ce, ko juya iyaka, ko rashin gane abin da aka tambaya. Bayan wata guda zai lura kurakuransa iri uku ne ko huɗu suke ta maimaita kansu. Wannan littafin ya fi kowane handawut amfani a makon jarrabawa, domin shi kaɗai ne aka rubuta don shi.

Wayar hannu tana da nata gurbin. Manhajar GeoGebra kyauta ce, tana zana fasali mai tsawo da faɗi da tudu, mutum ya juya shi da yatsa ya ga sirdin doki ko ƙwarya a kife da lissafin ke nufi. Jami'ar MIT ta Amurka ta saki cikakkun lakcocin wannan darasi kyauta, waɗanda Denis Auroux ya gabatar a 2007, ana iya sauke su inda ake da intanet a kalla daga baya. Littattafan K. A. Stroud, da suka daɗe a hannun ɗaliban injiniyanci a Nijeriya, an tsara su ne mataki-mataki yadda mai karatu zai rufe amsa ya gwada kansa. Manhajojin da ke warware tambaya nan take kuwa, wurinsu bayan an gama aiki ne, don duba amsa. Ranar jarrabawa ba za su shiga zaure ba.

Tsarin mako da na zango

Malaman jami'a da yawa sukan ba da shawarar awa biyu na karatun kai a kan kowace awa ɗaya ta lakca. Kwas mai lakcar awa uku a mako ke nan yana neman awa shida. Yadda aka raba awannin ya fi yawansu muhimmanci. Awa ɗaya kullum na kwana shida ta fi awa shida a daren Lahadi nesa ba kusa ba.

Tun a 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bita da aka rarraba a kwanaki tana rage mata ƙarfi. Ɗan ƙasar Hausa bai bukaci dogon bayani a nan ba. A tsangaya, almajiri ba ya wanke allo sai ya biya ya riƙe, kuma ko ya yi nisa ba ya barin tilawar baya. Gardi yakan tashi da asuba ya bi izu-izun da ya wuce don kada su kuɓuce. Abin da kalkulas ke nema ke nan, da bambanci guda: tilawarsa da alƙalami ake yi. Maimaita karanta littafin rubutu har a haddace shafi ba ya koya wa hannu aiki. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, masu bincike a Amurka, sun nuna cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karatun riƙewa bayan mako guda.

Wani binciken ma ya fi kusa da batunmu. A 2007 Doug Rohrer da Kelli Taylor sun koya wa ɗaliban jami'a lissafin girman wasu fasaloli huɗu. Rukuni ɗaya suka yi atisaye iri-iri a jere, sai sun gama irin farko su shiga na biyu. Ɗaya rukunin aka cakuɗa masu tambayoyin. A lokacin atisaye 'yan jere ne a gaba, da kashi 89 cikin ɗari, masu cakuɗe na da 60. Da aka yi gwaji bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu cakuɗe suka sami kashi 63, 'yan jere suka faɗo zuwa 20. Dalili a fili yake. Takardar jarrabawa ba ta gaya wa ɗalibi daga wane babi tambaya ta fito. Rabin aikin shi ne gane wace dabara ta dace, kuma wannan ba ya samuwa sai an saba da ganin tambayoyi a gauraye.

Saboda haka mako mai kyau zai iya kasancewa kamar haka. Kafin lakca, minti 15 na leƙa batun da za a yi, don kalmomin kada su zo baƙi. A ranar lakca, kafin a kwanta, a rufe littafi a sake yin misalan malami. Kwana biyu ko uku na tsakiya na jinga ne. Rana ɗaya kuma, Asabar misali, a zaɓo tambayoyi biyar ko shida daga makonnin baya, a gauraya su, a sa agogo.

Lokacin zama kuwa ya danganta da halin da ake ciki. Bayan sallar Asuba kai a sake yake, ɗakin kwana shiru, hasken rana na tafe ko babu lantarki, don haka aiki mai wuya nan ya fi dacewa. Tsakanin lakca da lakca akan sami awa guda da ke salwanta a hira, ta isa tambaya biyu. Idan zango ya faɗo cikin Ramadan, sai a mayar da lissafi bayan sahur, yamma a bar ta ga karatu mai sauƙi. Wanda zai je gida ƙarshen mako don biki ko aikin gona, ya rubuta tambayoyi huɗu a takarda ɗaya ya sa a aljihu. Ba sai ya ɗauki jibgegen littafi ba.

Shi ma zangon gaba ɗaya yana da kalandarsa, kamar damina. Mako biyun farko na sharar gona ne: a biya bashin aji ɗaya, a yi tambayoyin difarenshiyeshan da intagireshan har hannu ya saki. Daga na uku zuwa wajen na bakwai a bi bektoci da difarenshiyeshan na ɓangare da hanyar Lagrange, inda gwajin farko yakan faɗo. Sashen intagireshan mai ninki, wanda ya fi kowane cin lokaci, a ba shi kaso mafi tsoka. Tambayoyin shekarun baya a fara taɓa su tun tsakiyar zango, batu-batu, sannan a mako biyun ƙarshe a zauna da cikakkiyar takarda a yi ta cikin lokacin da aka ƙayyade, kamar ana zauren jarrabawa. Karatun kwana da ɗalibai ke kira TDB, wato har gari ya waye, yana iya fitar da mutum a darasin hadda. A nan kuwa ido mai barci ne ke sauya alamar ragi zuwa ta tarawa a layi na uku, sauran layuka goma su bi shi su ɓace.

Akwai kuma abin da ba ya hannun ɗalibi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma bayan irin wannan tsaiko akan matse zango don cike giɓi. Ɗalibin da ya riƙe tambaya biyu ko uku a rana yana gida shi ne ke dawowa da hannunsa a sake.

Zaman tare

A tsakiyar shekarun 1970 wani malamin lissafi mai suna Uri Treisman a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya so ya gano abin da ya sa ɗalibai baƙar fata masu ƙwazo suke faɗuwa kalkulas, alhali takwarorinsu 'yan asalin Sin suna haye shi. Ya bi rayuwar rukunonin biyu na tsawon watanni. Abin da ya gano bai shafi basira ko himma ba. Rukunin farko kowa shi kaɗai yake karatu, ba ya nuna wa kowa aikinsa. Na biyun sukan yi aiki su kaɗai tukuna, sannan su taru su kwatanta amsoshi, su yi gardama, su gyara wa juna. Da ya kafa zaman aiki na haɗin gwiwa inda ake tunkarar tambayoyi masu wuya tare, sakamakon ɗaliban da ke faɗuwa ya tashi sosai, har jami'o'i da dama suka kwaikwayi tsarin.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai kowa ya kama gefensa. Rukuni mai amfani bai wuce mutum uku zuwa biyar ba, kowa kuma ya zo da aikin da ya riga ya gwada. A riƙa karɓa-karɓa a gaban allo, mai bayani ya faɗi dalilin kowane mataki. Babu laifi a yi bayanin da Hausa. Wanda ya iya gaya wa abokinsa da harshen gida abin da giradiyan ke nufi, shi ne ya gane shi. Tutoriyal da manyan ɗalibai ko ƙungiyoyin ɗalibai ke shiryawa yana taimakawa, muddin bai zama wata lakcar kallo ba. Ofishin malami kuma a buɗe yake ga wanda ya zo da takarda yana cewa, “Malam, na kawo nan, daga nan ne na rasa hanya.” Irin wannan tambaya ta fi “ban gane komai ba” saurin samun amsa.

Gadon da ake takawa

Lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina hatimin lambobi, irin wanda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, yake ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara da ke ba da 15. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Ƙarnoni kafin shi, Ibn al-Haisam, wanda shi ma a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa, ya lissafa girman wani fasali mai kama da ƙoƙo ta hanyar yanka shi faifai-faifai yana tarawa, wanda shi ne ruhin intagireshan. A zamaninmu Farfesa Iya Abubakar, wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya jagoranci sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya zama shugabanta a 1975.

Su kansu ƙa'idojin da ke ƙarshen darasin suna da labari mai ƙarfafa gwiwa. George Green ɗan mai injin niƙa ne a Nottingham ta Ingila, karatunsa na makaranta yana yaro bai fi shekara guda ba. Da kansa ya koyi lissafi yana aikin niƙa, ya wallafa bincikensa a 1828, bai shiga jami'a ba sai yana da shekara 40. Ƙa'idar Stokes kuwa a takardar jarrabawa ta fara bayyana ga jama'a: George Stokes ya sa ta a matsayin tambaya a wata gasar Kambirij a 1854, kuma cikin waɗanda suka zauna jarrabawar akwai James Clerk Maxwell, wanda daga baya ya yi amfani da irin wannan lissafi ya bayyana dokokin lantarki da maganaɗisu. Saƙon da wayar hannu ke kamawa a Rimaye a yau bisa waɗannan dokoki yake tafiya.

Idan an gama jarrabawa ɗalibi ya dawo gida hutu, akwai tambaya guda da ke jiransa a bayan ɗaki. Rumbun ƙasa ba tulu ba ne, ba kuma ganga ba: gindinsa a tsuke, cikinsa a buɗe, wuyansa ya sake tsukewa. Da igiya da ma'auni zai iya auna kewayensa a kowane taƙi daga ƙasa zuwa sama, ya fitar da faɗin kowane faifai, ya tara su, ya faɗi yawan hatsin da rumbun zai ci. Daga nan sai ya je ya tambayi mahaifinsa, wanda ya shekara ashirin yana cika shi, su kwatanta lissafin takarda da na kaka.